Kafin mu hana yara cin abincin coci, ina tamu tukunyar?

Ranar Asabar bayan la'asar ina fitowa daga masallaci a nan unguwar Nima da ke Accra, babban birnin Gana, sai na tarar da wani dattijo ya tsare yara biyu a bakin lungu yana ta yi musu faɗa, kowannensu riƙe da robar shinkafa da miya da ɗan kifi a kai. Laifinsu wai daga coci suka karɓo. Akwai wani ƙaramin coci can ɓangaren Mamobi da matan cikinsa suke dafa abinci suna raba wa yara, to can suka je. Baba Alhaji yace su zubar a gota yanzu yanzu, yace iyayensu ba su da kishin addini, da loma ɗaya ake fara sayar da imani. Ƙaramin har ya fara hawaye amma bai saki robar ba. Na matsa nace Baba don Allah a yi haƙuri a bar su su ci, in akwai magana ai da manya za a yi ta. Ya kalle ni yace ɗana kai ma boko ta cinye ka, ya kaɗa rigarsa ya wuce. Bai tambayi yaran ko sun karya da safe ba, bai kuma ce ku biyo ni gida ku ci tuwo ba.

Abin ya tsaya min a rai ƙwarai, shi yasa nake rubuta wannan.

Ra'ayina ba ɓoyayye bane. Duk wanda bai ɗora tukunya saboda yaron nan ba, ba shi da bakin hana shi cin abincin wanda ya ɗora. Kiristocin da suke dafawa suna ba yaran talakawa alheri suke yi kuma godiya ce ta kamace su daga gare mu. Wuri ɗaya ne kawai zan tsaya in ja daga, wato in aka ce sai yaro ya yi wani abu na addininsu kafin a ba shi. Sauran kunyar da ke cikin maganar tamu ce mu Musulmin zongo.

Su waye yaran nan?

Ba daga wata duniya suka zo ba, namu ne, a gidajen haya ɗinmu suke kwana, ɗaki ɗaya mutum shida bakwai. Wani ubansa ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya shekaru ke nan ba labari, wani uwarsa tana aikatau a Saudiyya ko Kuwait an bar shi wajen kaka wadda ita ma da ƙyar take sayar da ɗan ƙuli da gyaɗa a ƙofar gida. Wasu 'ya'yan kayayo ne da suka sauko daga arewa suna dakon kaya a Makola da Agbogbloshie da Madina, uwa tana ƙarƙashin kwano tun asuba, yaro yana gefen titi. Wasu kuma uwa da uba duk suna nan, suna fita nema kullum, kuɗin ne kawai ba ya kaiwa. Kowa ya san abinda muka gani a 2022 lokacin da tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin 100 a watan Disamba, kuma ko da aka ce ta sauko, kuɗin olonkar gari, wato mudu, da na mai da na gawayi basu koma inda suke da ba.

Ka tsaya wajen mai koko da ƙosai da safe ka lura da kyau. Za ka ga yaro da yunifom yana tsaye gefe, baya cikin layi, baya roƙo, kallo kawai yake. Wannan yaron muke magana a kai.

"Addini za su canja musu"

Wannan ita ce babbar maganar kuma ba zan raina mai faɗinta ba, don tsoron yana da tushe. Tun da 'yan mishan na Basel suka sauka Osu a 1828, na Wesley kuma suka sauka Cape Coast a 1835, makaranta da asibiti da coci tare suka riƙa tafiya. Kakanninmu sun ga yaron da ya shiga sukul da suna Musa ya fito da wani suna daban, shi yasa da yawansu suka ce makarantar allo ta ishe mu. Sun tsare addini, Allah ya saka musu, amma mun biya kuɗin wannan da tsada domin an bar mu a baya wajen boko shekaru da shekaru, sai a 1987 ma aka samu sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa. Kuma ba tsohon labari kaɗai bane, a 2021 duk mun ji rigimar da aka yi kan hana ɗaliba Musulma azumi a makarantar sakandaren 'yan mata ta Wesley Girls. A ƙasar da ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci sun haura kashi 71 mu kuma muna kusan kashi 20, dole uba ya sa ido kan inda ɗansa yake zuwa.

Amma sa ido daban, zargin kowa da kowa daban.

Ga Fada Andrew Campbell nan, mutumin Ailan da ya sadaukar da rayuwarsa a Gana yana hidima da kutare a Weija, kuma ya buɗe wurin dafa wa yaran titi abinci a cocin Christ the King, wanda ba shi da wani nisa da mu nan. Cocin nan ne Limamin ƙasa Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu ya taka da ƙafarsa ya je a 2019 ranar Ista lokacin da yake cika shekara 100, duniya duk ta gani. Shehu bai bar addininsa a ƙofar cocin ba, ya shiga da rawaninsa ya fito da rawaninsa. In mutumin da ya koyar da malamanmu ya san yadda ake zama da maƙwabci Kirista cikin mutunci ba tare da an rasa komai ba, mu waye da za mu ce duk wata hulɗa da su halaka ce?

Na sani ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai ƙananan coci-coci, irin waɗanda suke tsirowa a kowane kwana da lasifika, da za su tara yara su ce sai an yi waƙa an ɗaga hannu an maimaita addu'a kafin a buɗe kula. Wannan ba daidai bane kuma ina faɗa da babbar murya. Fasto, in kana karanta wannan, yaro ɗan shekara bakwai da yunwa ta ci shi zai maimaita duk abinda ka ce ya maimaita, ba don ya yarda ba, don idonsa yana kan shinkafa. Wannan ba wa'azi bane, cin amanar iyayensa ne. Kuma a iya sanina ko a Linjila da aka yi maganar ciyar da mai jin yunwa ba a gindaya masa wani sharaɗi ba. In kana son yin wa'azi ga mu nan manya, zo ka same mu mu tattauna, ka bar yaro ya ci abincinsa.

To ta yaya za a gane wane ne wane? A je a gani mana. Abin mamaki yawancin masu kumfar baki basu taɓa taka wurin ba. Uwa ta sa mayafinta ta raka ɗanta rana ɗaya, ta gaida matan da suke dafawa, ta zauna ta ga yadda ake rabon. Limamin unguwa da sarkin zongo da magajiya su je su gaida faston, su ce mun gode da abinda kuke wa yaranmu, amma ga iyakarmu, yaranmu Musulmi ne, a basu abinci su yi bismillah su ci su tafi. Wanda don Allah yake yi zai ce madalla, wataƙila ma ya ce ku turo mana mata biyu su taya mu aiki. Wanda ya ƙi kuwa ya tona kansa, sai a san matakin ɗauka, ga ofishin Limamin ƙasa, ga majalisar Kiristoci ta Gana, ga majalisar zaman lafiya ta ƙasa, duk hanyoyi ne da ake bi a yi magana ba tare da an tada hankalin unguwa ba.

Akwai kuma wani abu da nake so masu tsoron nan su yi tunani a kai sosai. Ba shinkafa ce take juya zuciyar yaro ba. Yaro yana riƙe wanda ya kula da shi ranar da yake cikin wahala, yana kuma riƙe wanda ya kore shi. In ya girma da tunanin cewa a ƙofar masallaci tsawa ya samu a ƙofar coci kuma aka ce zo ka zauna ka ci, to mu da hannunmu muka yi wa addinin ɓarnar da muke tsoron wani zai yi. Wallahi wannan ya fi bani tsoro fiye da kowace waƙa da za a koya masa.

"Abincinsu ya halatta?"

Wannan ba sai an ja ta da nisa ba. Aya ta 5 a cikin Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, kowane ɗalibin makaranta ya san haka. Alade da giya haramun ne ko a gidan wa aka dafa, kuma tambaya ɗaya ta isa a san ko akwai su. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, dokunu da kifi da shito da muke saye da daddare wajen matan ƙabilar Ga, wa ya taɓa tambayarsu wane coci suke zuwa? Naman da ake sayarwa a kasuwannin Accra ma ai galibi mahautanmu ne suke yankawa. Sai yanzu da aka ba yaron talaka kyauta ne abincin ya zama abin tuhuma.

Dattawanmu ma su tuna 1983. Fari, gobarar daji, ga 'yan Gana kusan miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya, mutane suka rame har ƙashin wuya ya fito ana kiransa sarƙar Rawlings, shugaban ƙasa na lokacin. Jar masara da alkamar agaji da aka riƙa rabawa a lokacin, kaso mai yawa ta hannun ƙungiyoyin coci irin su Catholic Relief Services ta biyo. An ci a zongo, an rayu, kuma waɗanda suka ci ɗin su ne yau suke cika sahun gaba a masallatanmu.

"Ai aikin gwamnati ne"

Haka ne, kuma a ci gaba da matsa mata. Shirin ciyar da yara a makarantu tun 2005 aka fara shi zamanin Shugaba Kufuor kuma ya taimaka, yara da yawa saboda shi suke zama a aji. Amma mu dubi yadda yake. Shekaru ana biyan masu dafawa abinda bai kai sidi 1 cikakke ba kan kowane yaro bayan an cire haraji, har suka ajiye ludayi suka shiga yajin aiki a 2023 saboda bashin da suke bi da ƙarancin kuɗin. An ƙara zuwa sidi 1.20, aka kai 1.50, a kasafin 2025 aka ce sidi 2. Dafaffen ƙwai ɗaya a bakin titi ma ya fi haka. Kuma ba kowace makarantar gwamnati ce take ciki ba, na kuɗi basa ciki, yaron da baya zuwa sukul gaba ɗaya baya ciki, ranar Asabar da Lahadi babu, lokacin hutu babu. Asusun raya zongo da aka kafa da doka a 2017 shi ma ba tukunya yake ɗorawa ba. Yaron da bai ci komai ba tun jiya ba zai iya jiran majalisa ta zauna ba.

"Mu ma ai muna ciyarwa"

Nan ne nake so in daɗe, don nan ne ciwon yake.

Eh muna ciyarwa, kuma babu wanda zai ce mutanen zongo marowata ne. Ka zo Nima da azumi ka gani, kowane masallaci da tabarmar buɗa baki, koko, ƙosai, masa, dabino, shinkafa, har Kiristocin unguwa suna samu. Ka zo da babbar salla nama har sai an rasa inda za a sa shi. Ranar suna, ranar aure, ranar addu'ar bakwai ko arba'in, manyan tukwane ne a kan titi an toshe hanya da kanofi. Baƙo baya kwana da yunwa a zongo in dai ya buɗe baki, da haka aka san mu tun kafuwar zongon.

Amma azumi wata ɗaya ne, layya kwana uku ce, sauran watannin fa? Yunwa kullum take zuwa, mu kuma kyautarmu ta lokaci-lokaci ce, kuma yawanci tana zuwa ne ga wanda ya iya roƙo ko wanda ya san wani. Marayan da uwarsa take da kunya, wadda ba za ta iya tsayawa ƙofar Alhaji ba, shi ba ya cikin lissafi.

Abinda coci suka fi mu ba kuɗi bane, ba kuma tausayi bane, tsari ne. Suna da kwamiti, suna da littafin da ake rubuta sunan yara, an san wace ce za ta je kasuwa ranar Alhamis, wace ce za ta dafa, wa zai wanke tukunya, an san nawa ya shigo nawa ya fita kuma ana karantawa a gaban jama'a. Shi yasa abin yake ɗorewa ko mutum ɗaya ya mutu ko ya yi tafiya. Mu kuwa sai wani bawan Allah ɗaya ya ɗauka a kansa, ya yi wata biyu ya gaji, ko a fara raɗe-raɗin ya ci kuɗi tunda ba a rubuta komai ba, shikenan magana ta mutu.

Kuma kuɗin akwai su. Ku lissafa abinda mace ɗaya take kashewa kan yayi a shekara, wannan biki da atamfarsa wancan da leshinsa. Ku lissafa abinda ake liƙa wa mawaƙa da masu kiɗa a dare ɗaya. Ku dubi yadda muke gasar gina masallatai, lungu ɗaya masallaci uku kowanne da tayil da fanka da lasifika huɗu, sahu biyu ba ya cika in ba Juma'a ba. Ku dubi masu komawa Umra duk shekara alhali a gidan da suke karɓar haya akwai yaran da suke kwana da ruwan gari. Ban ce kar a yi biki ba, ban ce gina masallaci ba lada bane, Allah ya karɓa. Amma Suratul Ma'un da muke karantawa a salla kusan kullum, wanda yake ture maraya kuma baya kwaɗaitar da ciyar da miskini shi ta kira mai ƙaryata addini. Hadisin nan da yake cewa ba mumini bane wanda zai ƙoshi maƙwabcinsa na gefensa yana jin yunwa, duk mun haddace shi tun muna yara. A Suratul Insan an yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme suna cewa don Allah muke ciyar da ku bama neman sakamako ko godiya. Duk wannan a littafinmu yake. Laifi tudu ne, mun take namu muna hangen na matan coci.

Samarinmu na bes, wato dandalin zaman hira, ma ina da magana da ku. Kuna iya haɗa kuɗin jesi da na gasar ƙwallo cikin sati ɗaya, kuna iya tara wa aboki kuɗin aure ta momo, wato tura kuɗi ta waya, cikin kwana biyu, 'yan uwanmu na Jamus da Italiya da Amurka suna turowa in an ce musu ga abinda za a yi. Ƙarfin nan yana nan, ba a taɓa juya shi ta wannan ɓangaren bane kawai.

Wani zai ce ciyar da yara kyauta yana sa iyaye lalaci. Ban yarda ba. Ban taɓa ganin uwar da ta daina fita talla don an ba ɗanta faranti ɗaya ranar Asabar ba. In ma akwai uban banza da ya watsar da gidansa, shi za a kama a yi wa faɗa, ba a horar da ɗansa da yunwa.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa, coci da masallaci da 'yan siyasa masu zuwa gab da zaɓe, a daina ɗaukar hoton fuskar yaran nan ana watsawa a Facebook da TikTok. Na san masu bada kuɗi daga waje suna son ganin shaida, to a ɗauki tukunya, a ɗauki masu dafawa, a nuna rasit. Yaron nan zai girma, abokansa za su ga hoton, kuma bai taɓa ba kowa izini ba.

Abinda nake ganin za mu iya kuwa ba wani babban abu bane da sai an jira Turkiyya ko Larabawa. Masallatan Juma'a na Nima da Mamobi da Newtown da Fadama da Sabon Zongo, kowanne ya ware wani kaso sananne daga abinda ake tarawa ranar Juma'a, a sa mutum uku amintattu a kai har da mace, don mata su suka san gidan da ba a hura wuta ba. Masu sayar da wake da shinkafa da masu tuwon zafi na unguwa sun iya dafa na mutum ɗari ba tare da sun yi asara ba, a basu kwangilar a biya su, kuɗin ya zauna a cikin unguwa. Malaman makarantun allo su bada sunayen yaran a asirce. A liƙa lissafi a bangon masallaci duk ƙarshen wata kowa ya gani. Asusun Zakka da Sadaka da 'yan majalisa Musulmi suka kafa yana nan, a je a ƙwanƙwasa musu ƙofa da takarda a hannu. Duk yaron da ya zo a ba shi, sunansa Abdullahi ko Kofi, kar a tambaye shi komai. In matan cocin nan suna dafawa Asabar, mu sai mu ɗauki Lahadi da ranakun hutun makaranta, a je a zauna da su a raba kwanakin don kar a haɗu rana ɗaya a bar sauran ranakun babu kowa.